"Gafara Dai" Ko "Kauce"? Ladubban Hanya Tsakanin Mai Keke Da Mai Tafiya A Ƙasa A Yola Da Jimeta

1.0 Gabatarwa

Hausawa na cewa zo mu zauna, zo mu saɓa. Idan zama wuri ɗaya yana kawo saɓani, to bin hanya ɗaya ya fi shi, domin a kan hanya kowa da inda ya nufa, kowa kuma da irin saurinsa. A wannan maƙala ina so in yi tsokaci a kan wani ɗan rikici da muke gani kullum a Yola da Jimeta, amma ba kasafai muke tsayawa mu dube shi ba, wato rikicin mai keke da mai tafiya a ƙasa. Zan bayyana inda rikicin yake tasowa, da abin da doka da addini da al'ada suka tanada, sannan in zo kan abin da ya fi shafar mu ɗaliban harshe, wato kalmomin da ake neman hanya da su. Keken da nake nufi shi ne na hawa mai ƙafa biyu, don na san yau in aka ce "keke" a Jimeta, hankalin mutane kan Keke NAPEP yake tafiya.

Wataƙila mai karatu ya ce mene ne abin rubutu a karon keke? Abin rubutu shi ne, tsohuwar da keke ya ture ta karye a ƙugu, ta yiwu ba za ta sake miƙewa ba. Yarinyar da aka zubar wa tallan kunu za ta koma gida ba kuɗi ba kaya. Shi ma ɗalibin da ya yi karon, in jama'a suka taru a kansa, ba lallai ne a tsaya sauraron uzurinsa ba.

2.0 Kalmar Keke Da Danginta

Masana sun nuna cewa Hausa ta aro kalmar "keke" daga Yarabanci. Akwai kuma "basukur" da aka aro daga Turanci, wadda yanzu sai a bakin dattawa ake jin ta. Da kalmar keke ta zauna da gindinta, sai ta yi 'ya'ya: keken ɗinki, keken rubutu, keken guragu, keken shanu.

Sunayen sassan keke ma suna da abin lura. Wasu aro ne, kamar birki da feda da taya da kariya da faci. Wasu kuwa na gida ne aka faɗaɗa ma'anarsu, kamar sarƙa da ƙararrawa da sirdi. Wannan na ƙarshe yana nuna mana yadda Bahaushe ya kalli keke tun farko: ya ɗauke shi ƙanen doki. Shi ya sa ake "hawa" keke a kuma "sauka", kamar dai yadda ake yi wa doki. Za mu ga amfanin wannan batu a gaba, domin ladubban da aka ɗora wa mai keke, mahayin doki aka fara ɗora wa.

Shi keke irin wanda muka sani, mai ƙafafu biyu daidai wa daida da sarƙa a baya, John Kemp Starley ne ya fito da shi a Ingila a 1885. A 1888 John Boyd Dunlop ya ƙara masa tayar da ake hura wa iska. A ƙasarmu Rali, wato Raleigh na birnin Nottingham, shi ne ya yi suna a zamanin iyayenmu, kafin Phoenix na ƙasar Sin ya cika kasuwa.

3.0 Garuruwan Biyu Da Hanyoyinsu

Modibbo Adama ne ya kafa Yola a 1841, kuma sunan ya fito ne daga kalmar Fulatanci "yolde", wato tudu. A nan fadar Lamiɗo take. Jimeta kuwa tana bakin kogin Binuwai, ita ce ta zama matattarar kasuwanci da ofisoshin gwamnati. Yola ta zama babban birnin jihar Gongola a 1976, sannan na jihar Adamawa a 1991. Garuruwan biyu suna ƙarƙashin ƙananan hukumomi biyu, Yola ta Kudu da Yola ta Arewa.

Abin da ya shafe mu a wannan tarihi shi ne, lungunan tsofaffin unguwanni irin su Wuro Hausa a Yola, ko Limawa da Rumde a Jimeta, an fitar da su ne don mai ƙafa da jaki da doki. Manyan tituna kuwa, irin su Mohammed Mustapha Way da Galadima Aminu Way, mota aka yi wa su. Ke nan keke ba shi da hanya tasa ta kansa. In ya hau kwalta mota ta kore shi gefe, in ya sauka gefe ya tarar da mai tafiya a ƙasa, da mai tebur, da mai kura ta ruwa. Wuraren da ake wannan cuɗanya sun haɗa da kewayen babbar kasuwar Jimeta, da bakin tashar Jambutu, da gefen gadar Binuwai da ake bi zuwa Girei inda Jami'ar Modibbo Adama take, da hanyoyin cikin makarantu, da siraran hanyoyin lambu na wajen tafkin Geriyo.

Abubuwa biyu sun ƙara wa keke daraja a 'yan shekarun nan. Na farko shi ne hana zirga-zirgar babura a babban birnin jihar saboda matsalar tsaro a zamanin Gwamna Murtala Nyako, kamar yadda aka yi a Maiduguri a 2011, aka kuma hana acaɓa a Kano a 2013. Na biyu shi ne cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, abin da ya sa kuɗin mota ya gagari mutane da yawa. Wanda ya rataye kekensa ya sauko da shi, wanda ba shi da keke ya kama sayyada. Ashe ke nan masu keke sun ƙaru, masu tafiya a ƙasa sun ƙaru, gefen hanya kuwa yana nan yadda yake.

4.0 Musabbabin Rikicin

Ruwa ba ya tsami banza. A iya lurata, abubuwa huɗu ne suke haddasa wannan rikici.

Na farko bambancin sauri. Mutum yakan yi tafiyar kilomita 4 zuwa 5 a awa ɗaya. Mai keke kuwa ba tare da ya wahala ba yakan yi kilomita 15 zuwa 20. Mu ɗauki kilomita 18 a awa: wannan daidai yake da mita 5 a kowace daƙiƙa. Idan yaro ya ɓullo daga zaure, mai keke ya ɗauki daƙiƙa ɗaya kafin hannunsa ya matse birki, ya riga ya ci mita 5 birki bai fara aiki ba. Bugu da ƙari, idan aka ninka gudu sau biyu, tazarar da birki yake buƙata kafin keke ya tsaya takan ninka sau huɗu. In aka haɗa da goyo, ko buhun masara a kariya, ko yashin damina, sai abin ya ƙara muni.

Na biyu shirun keke. Mota tana da ƙugi, babur yana da ƙara, amma keke sai dai mutum ya ji iskarsa a kafaɗa. Wanda aka wuce ta haka yakan firgita, wanda ya firgita kuwa ba a san ɓangaren da zai yi tsalle ba. Sau da yawa ba karon ne yake kawo faɗa ba, firgitar ce.

Na uku kowa yana ganin shi aka zalunta. Mai keke yana ganin shi ne maraya, mota ta koro shi, ga kuma mutane sun jeru huɗu suna hira sun tare hanya. A zafin Maris da Afrilu, lokacin da ma'aunin zafi yakan haura digiri 40 a Yola, duk tsayawar da zai yi sai ya sake murza feda daga farko, shi ya sa yake ƙyashin taka birki. Mai tafiya a ƙasa kuma yana ganin an bar masa ɗan gefen nan ne kaɗai, shi ma an biyo shi.

Na huɗu sababbin ɗabi'u. Mai tafiya ya toshe kunnuwa da abin sauraren waya, ko ya dukufa kan Facebook. Mai keke shi ma yana amsa waya da hannu ɗaya, ko yana sakin hannu don burge 'yan mata. Ga tafiyar dare ba fitila, ga kekunan da birkinsu tafin silifas ne.

5.0 Abin Da Doka Ta Tanada

Tun ranar 2 ga Afrilu, 1972 Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama. Keke abin hawa ne, saboda haka hannun dama zai bi, ya tafi tare da motoci, ba ya tare su gaba da gaba ba. Mai tafiya a ƙasa kuwa, inda babu dakalin da aka ware masa, ƙa'ida ita ce ya bi ɓangaren da zai fuskanci abin hawan da ke tahowa. Hikimar ita ce abin da ido ya gani ana iya kauce masa. Wannan shi ne abin da Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, take koyarwa.

Wani abin da ba kowa ya sani ba shi ne, Kundin Tsarin Mulki na 1999, a jadawalinsa na huɗu, ya sa ba da lasin keke da baro da kwalekwale cikin ayyukan ƙananan hukumomi, haka ma gyaran hanyoyin cikin gari da fitilun kan titi. Dattawa suna ba da labarin lokacin da ake biyan lasin keke a zamanin En'e. Ke nan hukumar da ta fi kusa da talaka ita ce ke da hurumin tsara wannan al'amari.

Ba mu kaɗai muka sha wannan rikici ba. A 1879 wata kotu a Ingila ta tabbatar da hukunci a kan wani mai keke da aka kama da gudun ganganci, ta ce keke ma abin hawa ne kamar keken doki. A 1888 dokarsu ta wajabta wa mai keke ya kaɗa ƙararrawa ko ya busa usur in zai wuce mutum. A watan Janairu na 2022 kuma suka shigar da wata ƙa'ida cikin dokokin hanyarsu, cewa wanda ya fi iya cutarwa shi ya fi ɗaukar nauyin kiyayewa: mai babbar mota ya kula da mai ƙarama, mai mota ya kula da mai keke, mai keke ya kula da mai tafiya a ƙasa. A nan gida ma, a 2001 Ministan Sufuri Ojo Maduekwe ya yi ta kiran jama'a su koma hawa keke, har wata bas ta ture shi a Abuja yana kan nasa. Darasin shi ne, mai keken da yake firgita mai ƙafa, shi ma yana da mai firgita shi. Gaba da gabanta.

6.0 Addini Da Al'ada

Wannan ƙa'ida da Turawa suka rubuta a 2022 ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito ya koyar da cewa wanda yake kan abin hawa shi zai fara yi wa mai tafiya sallama, mai tafiya kuma ya yi wa na zaune. Malamai sun bayyana cewa hikimar ita ce wanda yake sama ya ƙanƙan da kai, ya kuma kwantar wa na ƙasa da hankali. Wani hadisin ya lissafa haƙƙoƙin hanya ga masu zama a bakinta, ciki har da kame cuta da amsa sallama. Wannan ya shafi 'yan majalisa da masu shayi da suke shimfiɗa benci har tsakiyar lungu.

A al'adar Hausawa, yaro ba ya gaida babba yana kan keke. Sai ya sauka, ko aƙalla ya sa ƙafa ɗaya a ƙasa. Haka ake sauka a tura keke in an zo wuce majalisar dattawa, ko masu ɗauke da gawa, ko sahun salla da ya fito waje. A wajen Fulani kuwa, pulaaku ya ƙunshi semteende da munyal da hakkiilo, wato kunya da haƙuri da hankali. A. H. M. Kirk-Greene, wanda ya yi aikin mulki a lardin Adamawa ya kuma rubuta tarihinsa a 1958, ya wallafa nazari a kan "mutumin kirki" a 1974, inda ya kawo waɗannan halaye uku cikin siffofin da Bahaushe yake auna mutum da su. Ashe al'ummomin biyu ma'auninsu ɗaya. A ganina babu inda ake gane mai waɗannan halaye kamar ƙuntatacciyar hanya, inda ba wanda ya san sunan wani.

7.0 Harshen Neman Hanya

Yanzu mun zo fagenmu. Penelope Brown da Stephen Levinson, a littafinsu na 1987 kan ladabin magana, sun nuna cewa duk umarnin da aka ba mutum yana taɓa mutuncinsa, don haka harsuna suke da dabarun sassauta shi. Neman hanya umarni ne, kuma Hausa tana da matakai nasa. Ga su daga mai kaushi zuwa mai taushi:

(a) Kauce! Matsa! Wannan umarni ne tsirara, ba lamiri ba laƙabi. Da shi ake korar akuya.

(b) Ka ba ni hanya. An sa lamiri, amma har yanzu yatsa yana nuna mutum ɗaya.

(c) A ba da hanya. A ɗan matsa. Lamirin "a" ya ɓoye wanda ake umarta, kalmar "ɗan" kuma ta rage girman buƙatar.

(d) Gafara dai. A nan babu umarni sam. Mai keke ya mayar da kansa mai laifi yana neman afuwa tun kafin ya takura wa kowa.

(e) Salamu alaikum Baba, gafara dai. An haɗa sallama da laƙabin girmamawa da neman afuwa.

Buƙatar ɗaya ce a duka biyar, amma amsar da za a samu daban. Na (a) yakan jawo "Hanyar ta ubanka ce?", na (e) kuwa yakan jawo "Bismilla ɗana, wuce." Akwai kuma "hattara", wadda zagage suke faɗa a gaban dokin sarki. Ita gargaɗi ce, ta dace da lokacin da haɗari ya matso, ba a fara magana da ita.

Yola da Jimeta suna da wani ƙarin armashi, domin gari ne na harsuna da yawa: Fulatanci da Hausa da Bata da Bachama da Vere da sauransu, ga kuma Turancin Buroka. Hausar nan ta ɗauki laƙuban dangantaka na Fulatanci, kamar Hamma ga wa, Adda ga ya, Bappa da Goggo da Dada ga manya. Na sha ganin yadda "Useni Goggo, gafara" take buɗe hanyar da ƙararrawa ta kasa buɗewa. Dalili kuwa, wanda aka kira da laƙabin gidansu ya daina zama cikas a hanya, ya zama ɗan'uwa.

Ita ma ƙararrawa harshe ce. Kaɗawa ɗaya daga nesa tana nufin ga ni nan tafe. Kaɗawa ba ƙaƙƙautawa a bayan ƙeyar mutum daidai take da "kauce". Sai dai a tuna, akwai kurma, akwai makaho, akwai tsoho mai nauyin ji. Kada mai keke ya ɗauka duk wanda bai matsa ba taurin kai ne.

Bayan an yi karo ma kalmar farko ita ce alƙali. "Sannu, ba ki ji ciwo ba?" takan kashe wuta. "Ba kya gani ne?" takan tara jama'a. Magana zarar bunu ce.

8.0 Ladubban Da Ya Kamata A Kiyaye

Ga mai keke:

1. Ka rage gudu tun daga nesa, a cikin cunkoso kuwa ka sauka ka tura.
2. Ka sanar da zuwanka da wuri, da ƙararrawa ko da baki, ka ba mutum lokacin waiwaye.
3. A siririyar hanya ka riƙe damanka, in za ka wuce wani ka bi ta hagunsa, ka bar tazarar da ko ya motsa ba za ka taɓa shi ba.
4. Yaro da tsoho da mai kaya a ka da mai lalura, ka ɗauka ba su gan ka ba.
5. Ka gyara birki, ka sa fitila da dare.
6. In ka ture mutum ka tsaya. Gudu shi ke mayar da tsautsayi laifi.

Ga mai tafiya a ƙasa:

1. Kada ku jeru ku tare hanya, ku bar gefe ɗaya.
2. In ka ji ƙararrawa kada ka yi tsalle, ka waiwaya ka matsa gefe guda.
3. Kafin ka fito daga lungu ko ka sauka daga Keke NAPEP, ka duba dama da hagu.
4. Ka riƙe hannun yaro ta ɓangaren da ba na hanya ba.
5. Ka bar kunne ɗaya a buɗe, ka kuma ɗaga kai daga waya.
6. Wanda ya ce maka gafara, ka amsa masa da alheri, don gobe ya sake faɗa wa wani.

9.0 Kammalawa

A wannan maƙala an ga cewa rikicin mai keke da mai tafiya a ƙasa ya samo asali ne daga ƙarancin wuri, da bambancin sauri, da shirun keke, da kuma halin mutane. An ga doka da addini da al'ada sun haɗu a kan magana ɗaya, cewa wanda ya fi ƙarfi shi ne zai fara sassauci. Maganin dindindin yana hannun hukuma. A ƙasar Holan sai da iyaye suka yi ta zanga-zanga a shekarun 1970 saboda yaran da motoci suke kashewa, sannan aka himmatu wajen ware wa keke hanyarsa. Jimeta ta samu gadojin sama a zamanin Gwamna Ahmadu Umaru Fintiri, saura a tuna da waɗanda ba su da mota, a yi musu dakalin tafiya, a kuma hana kasa kaya a kansa. In ba haka ba, sai mu ce an daɗe ana gafara sa, ba mu ga ƙaho ba.

Kafin wannan lokaci, ina ba 'yan'uwana ɗalibai shawara, musamman masu neman batun kundin digiri. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 3 ga Yuni a matsayin Ranar Keke ta Duniya tun 2018. Me zai hana a irin wannan rana mu fita da littafi da biro, mu zauna a bakin kasuwa ko tasha, mu rubuta duk kalmar da muka ji an nemi hanya da ita, da harshen da aka yi amfani da shi, da wanda ya faɗa, da wanda aka faɗa wa, da amsar da aka bayar? Wannan nazari ne da ba ya buƙatar kuɗin mota, kuma zai nuna mana ko "gafara dai" tana nan da ranta, ko "kauce" ta kore ta. Allah Ya kiyaye mu da tsautsayin hanya, amin.